Tandar Inna da Fizar Abuja

Ni na raba mahaifiyata da sana'arta. Ba ciwo ne ya kwantar da ita ba, jarinta bai karye ba, masu saye kuma ba su gudu ba. Ni ne na zo daga Abuja, sabon ɗaukar albashi, na zauna a bakin tabarmarta bayan sallar isha'i na ce, "Inna, daga yau a kife tandar nan. Duk ƙarshen wata zan riƙa aiko miki da abin da ya fi ribar masa." Hujjar da na kawo ita ce hayaƙi yana cin idonta. Kuma gaskiya ne, tun da na yi wayo ban taɓa ganin idanunta fari tas ba. Sai dai ba wannan ne ya kawo ni ba, kuma na daɗe ina ɓoye wa kaina abin da ya kawo ni.

Mu 'yan Zuru ne. Mahaifinmu soja ne, abin da ba labari ba ne a ƙasarmu, don da wuya ka shiga gida a Zuru ko Dabai ko Ribah ba ka tarar da hoton wani cikin kaki rataye a bango ba. Ya rasu ina firamare, abin da ya bari kuma bai kai mu ko'ina ba. Da Inna ta fita takaba sai ta sayi tandar ƙasa, ta nemi wuri a bakin hanya kusa da tasha. Da wannan tanda aka ci aka sha, da ita aka biya kuɗin makaranta, da ita aka yi wa ƙannena mata kayan ɗaki.

Wanda bai tashi a gidan mai masa ba yana zaton da safe ake fara aikin. Tun da azahar ake jiƙa shinkafar tuwo, da yamma a kai niƙa, a haɗa da 'yar dafaffiyar shinkafa da yis, a rufe a bar ƙullu ya kwana ya tashi. Kafin kiran asalatu Inna ta buɗe roba, ta sansana, ta ɗiga a harshe. Nan take ta san ko tsami ya yi yawa a zuba ruwan kanwa, ko sukari ne ya gaza. Ni ne mai ɗaukar itace da kujera da bokitin miya. Direbobin da ke lodin Kontagora da Yauri su ne farkon zuwa, sai leburorin tasha, sai 'yan makaranta, sai ɗaliban Kwalejin Aikin Gona, wadda a 2020 ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya. Ranar Lahadi masu fitowa daga coci ne ke cika wurin, ranar Juma'a kuma masu sayen na sadaka. In lokacin Uhola ya zo, bikin godiya da Dakarkari ke yi bayan girbi, gari ya cika da baƙi, sai ta ninka ƙullu, mu kwana babu barcin kirki. Tana jin C'lela, harshen Dakarkari, daidai gwargwado, tsofaffin ƙauye kuma suna son mai ciniki da su da harshensu.

Daga tasha nake wucewa makaranta, rigata tana warin hayaƙi da man gyaɗa. Wata rana a aji wani yaro ya matsa daga kusa da ni yana toshe hanci, ya ce, "Ɗan mai masa ya iso." Aka yi dariya, aka manta. Ni ne ban manta ba. Na tafi da wannan magana sakandare, na tafi da ita jami'a, na shiga ofis da ita. In aka tambaye ni sana'ar mahaifiyata sai in ce 'yar kasuwa ce, in yi sauri in canja zance. Akwai lokacin da na zo ɗaurin aure Zuru tare da abokan aiki a mota, na sa direba ya bi ta wata hanya mai nisa don kada mu gifta ta tasha da safe. Na ce masa can akwai cunkoso.

Saboda haka ranar da na ce a kife tanda, kunyata nake so a kife. Inna ba ta yi musu ba. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Ta yi shiru, can ta ce, "To. Allah ya yi albarka." Da gari ya waye ta wanke tandar, ta kife ta a bayan madafi. Na koma Abuja ina jin na yi abin da ɗa nagari ke yi, har ina ba abokai labari.

A Abuja na koyi cin fiza. Tun da Domino's ya buɗe a Legas a 2012 ya kuma bazu zuwa wasu birane, abin ya zama na 'yan ofis, a ɗauko kwali a ajiye a tebur a ce ana murnar ranar haihuwar wani. Daga baya wata sabuwa ta fito. A ƙarshen mako matasa kan kama wuri a lambunan shaƙatawa, su kafa rumfuna na yini ɗaya ko biyu, kowa da abin da yake sayarwa, Lahadi da dare su nannaɗe su tafi. A irin wannan taro abokaina suka ja ni, suka ce akwai wani yaro mai gasa fiza da itace, in na ci tasa ba zan ƙara kallon ta kwali ba.

Tanderunsa a kan ƙaramar tirela yake, mai rufin ƙubba, bakinsa ɗan ƙarami, da bututu a sama. Ya tura wutar gefe guda, harshenta yana lasar rufin yana lanƙwasowa. Zai ɗauko curin kwaɓi ya buɗa shi da yatsu, ya shafa niƙaƙƙen tumatir, ya yayyafa cuku da wani ganye ɗan'uwan ɗoɗɗoya, ya zura shi ciki da wani shebur mai faɗi. Kafin ka gama amsa gaisuwa ya juya shi, ya sake juyawa, ya fito da shi yana tururi, gefensa ya kumbura da ɗigo-ɗigon ƙuna. Layi ya yi tsawo, ba wanda ya ƙosa. Kuɗin guda ɗaya ya fi ribar da Inna ke ƙullewa a bakin zane bayan ta yini a gaban wuta. Na biya ban ko tambayi ragi ba. Na ci, na ce wa abokina, "Ka ji ƙamshin hayaƙin nan? Wannan shi ne bambancin." Da bakina na faɗa.

Na koma layi don in ƙaro. Da na iso gaba sai yaron ya ce in ɗan dakata, ƙasan tanderun ta huce. Ya ƙara itace biyu, ya jira. Sai ya miƙa tafin hannunsa bakin tanderun, ya riƙe shi a can na ɗan lokaci, ya janye. Ya ɗebi ɗan gari da yatsu ya watsa a ƙasan, ya tsaya yana kallon yadda yake sauya launi. Ya girgiza kai, ya ƙara jira.

Hannun nan na san shi. Haka Inna ke yi kowace asuba: ta ɗora tafinta sama da tanda, ta janye, ta ɗiga ɗigon ƙullu a rami ɗaya ta saurari ƙararsa. In bai yi mata ba, ko direba yana hon ba za ta zuba ba. Na tsaya a wurin, mutane suna hira da Turanci a bayana, kiɗa yana tashi, ni kuwa ƙafafuna sun yi nauyi. Wata mata ta tambayi yaron sirrin laushin fizarsa, ya ce babu wani sirri, tun jiya ya kwaɓa, kwaɓin da bai kwana ba ba ya daɗi. Na dubi fuskarsa da kyau. Idanunsa jajaye ne, yana share su da kafaɗar riga. Kowa a layin nan yana kiransa gwani, ana ɗaukar hoto da shi, ni ma na ɗauka, na ba shi tukuici.

Da na shiga mota na rufe gilashi sai warin ya cika ta. Na ja wuyan rigata na sansana. Shi ne. Warin da na yi ta wanke shi da sabulu tun ina yaro, wanda saboda shi na sa direba ya kauce wa tasha, wanda saboda shi na zaunar da mahaifiyata a ɗaki, shi ne na bi layi na saya da tsada ina yabonsa a gaban mutane. Na daɗe ban tayar da motar ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban gane gwanintar Inna da idona ba. Sai da na ga irinta a hannun baƙo, an rubuta mata farashi a allo, masu motoci suna jira, sannan na yarda gwaninta ce. Na tashi a gindin abin ina ɗaukar masa itace, amma hukuncin yaron da ya toshe hanci a aji shi na riƙe, na bar shaidar harshena da cikina.

A makonnin da suka biyo na bi tarihin fiza, na tarar da abin da ya ƙara mini nauyi. A Napoli ta samo asali, garin da samarinmu suka sani saboda Victor Osimhen, wanda ya taimaka wa ƙungiyar garin ta lashe gasar lig ta Italiya a 2023. Abincin talakawa ce. Leburorin tashar jirgin ruwa da marasa madafi a gida su ke sayenta a bakin titi, su ninke ta su ci a tsaye, masu talla kuma suna yawo da ita lungu-lungu. Masu hali sun daɗe suna yi mata kallon ƙazanta. Akwai labarin da ake bayarwa cewa a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita wata mai launin tutar ƙasar, ja da fari da kore, aka sa mata sunanta, ko da yake masana tarihi suna da ja a kan labarin. Abin da ba a ja a kai shi ne talaucin da ya kori mutanen kudancin Italiya zuwa Amurka shi ya tafi da fiza can, kuma sauran Italiya ba ta rungume ta sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1984 masu sana'ar a Napoli suka kafa ƙungiya, suka rubuta ƙa'idojinta: da itace za a gasa, zafin tanderu ya haura digiri 430, gashin kuma daƙiƙa 60 zuwa 90. A 2017 UNESCO ta sa gwanintar masu gasa fizar Napoli cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Mutanen da aka karrama ɗin nan 'ya'ya ne da jikokin masu tsayuwa a gaban wuta a bakin titi.

Mu ma muna da namu. Duk wanda ya shiga Jakara a Kano ya ga matan da ke gasa gurasa: tanderun ƙasa, a zuba kara a cinna, in wuta ta faɗi a liƙa kwaɓi a jikin bangon da hannu tsirara. Fulawa ce, yis ne, wuta ce, sai a kawo ƙuli-ƙuli da mai da albasa a yi bandashe. Na sha cin ta a tasha, ban taɓa tambayar mai gashin yadda take sanin zafin tanderu ba.

A nan ya kamata in hau mota in je in durƙusa gaban Inna. Ban yi ba. Zuciyata ta nemo mini hanyar da za ta kauce wa neman gafara, ta ce ai kasuwa ce na gano: in kai wa Zuru fizar itace. Yanzu na fahimci dalili. Ina so in koma ga wuta, amma ta ƙofar da ba za a ce mini ɗan mai masa ba.

Na zaɓi ƙarshen shekara, lokacin da 'yan Zuru na Kaduna da Abuja da Legas da barikokin soja ke dawowa gida Kirsimeti. Na sa wani magini da ya saba gina wa gidajen burodi ya gina mini tanderu da jan bulo da yumɓu a wani fili kusa da gidanmu. Na kafa rumfa, na yi hayar kujeru da janareta. Fulawa ta yi tsada, don yawancin alkamar da ƙasar nan ke ci daga waje ake shigo da ita, ga yaƙin Rasha da Yukren tun 2022, ga cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023. Cuku daga Kaduna na ɗauko shi a kula, rashin wuta ya lalata rabinsa. Na gwada cukun Fulani, sai na tarar shi ba ya narkewa, gasuwa yake yi ya tsaya yadda yake. Itace kuwa, na tsayar da mai amalanke na farko da ya gifta na saye duka.

Na farko da na zura ta fito ƙasanta baƙi ƙirin, samanta ɗanye. Ta biyu ta liƙe. Wadda ta fito da siffa kuma tana ɗaci. Hayaƙi ya turnuƙe rumfar, mutane suna tari. 'Yan gari sun zo, don Zuru ba a ƙin zuwa abin ɗan gida. Suka gutsura, suka ce sannu da ƙoƙari, suka tambayi kuɗin, suka yi shiru, suka wuce wajen mai tsire.

Da la'asar Inna ta fito da mayafinta. Ban gaya mata komai game da abin ba, sai dai tana gani ta kan katanga. Ba ta dubi rumfar ba, ba ta dubi kujerun ba. Tsibin itacen ta nufa. Ta ɗaga ɗaya ta auna nauyinsa a hannu, ta sansana, ta yar.

"Wa ya sayar maka da wannan?"

Na ce wani mai amalanke ne.

"Dogon yaro ne, kuma ɗanye. Shi ya sa abinka ke ɗaci."

Ta aika ƙanena gidan wata tsohuwar abokiyar sana'arta ya karɓo busasshen marke da 'yan guntayen ƙirya. Tana jera su tana magana, ba da ni ba kai tsaye, da wutar take yi ina ji. Marke yana ci da ƙarfi, ba ya yawan hayaƙi. Ƙirya tana daɗewa, garwashinta ba ya mutuwa da wuri. Kara na tayar da wuta ne kawai, ba ya riƙe zafi. Ta leƙa cikin tanderun ta ga rufin ya yi baƙi da kunkunniya, ta ce kada in sa komai sai baƙin nan ya cinye, bulon ya fito fili. Wannan ita ce alamar da na karanta masu gashin Italiya suna jira, ita kuwa ba ta taɓa jin sunan Napoli ba. Sannan ta danna kwaɓina da yatsa.

"Yaushe ka kwaɓa?"

"Da safe, Inna."

"Bai kwana ba. Gaggawa ka yi masa, ka cika yis."

A daren ta kwaɓa mini wani da hannunta, ta rage yis, ta rufe da zane mai laima. Washegari ita ta tsaya a bakin tanderun, ta miƙa tafinta, ta janye, ta ce, "Yanzu." Abin da ya fito ba shi da maraba da na Abuja. Ta gutsuri gefen ta tauna a hankali, ta ce gurasa ce mai kyau, sai dai an ɓata ta da tsamin tumatir, da an soya shi tukuna. Kasuwar duk da haka ba ta tsaya ba. Abin da zan sayar in mayar da kuɗina ya fi ƙarfin aljihun mafi yawan mutanen garin, kuma suna da gaskiya da suka zaɓi abin da zai ƙosar da iyali. Kafin sabuwar shekara na mayar da kujerun haya.

Daren da zan koma na same ta ita kaɗai. Na zauna ƙasa, na ce, "Inna, akwai maganar da nake so in faɗa. Da na ce ki bar masa, ba don idonki ba ne. Kunya nake ji." Na zaci za ta yi mamaki ko ta yi kuka. Ta ce, "Na sani." Ta ce tun ranar ɗaurin auren nan ta sani, don direbobin tasha sun ga motar ta juya, sun kuma gaya mata kafin ta sauke tanda. Ta ce ba ta riƙe ni ba, yaro ne ni, kuma duk wanda aka yi wa dariya yana ƙarami yana daɗewa bai warke ba. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe tun ban tambaya ba.

Sai na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba, wato me ta rasa. Na ɗauka za ta ce babu, tunda kuɗina ya fi ribarta. Ta ce, "Kuɗinka yana zuwa, Allah ya ƙara buɗi. Amma jiransa nake yi." Da tana tasha, in aka yi haihuwa ko rasuwa ko biki, ta kwance bakin zane ta ba da gudummawarta ba tare da ta sanar da kowa ba. Tana cikin adashi da matan tasha, ita ce ma uwar adashin. Akwai almajiran da suka san masar farko da ta fashe tasu ce, akwai leburan da ke ci bashi su biya ranar kasuwa. Labarin gari a wurinta yake fara sauka. Duk wannan na ɗauke mata a dare ɗaya, na maye shi da saƙon banki a wayar ƙanena. Mu da muka yi boko muna yawan yin haka ga iyayenmu mata, muna kiransa hutar da su. Sana'ar mace a ƙasar Hausa, ko ƙosai ne ko ƙuli ko kitso, ita ce abin da take da iko da shi ita kaɗai, wanda ba miji ba ɗa da zai tambaye ta lissafinsa. Ban tambaye ta ko tana son hutun ba. Na yanke, na zo na sanar.

Ba na so wani ya karanta wannan ya ɗauka hayaƙi abin so ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga girki da itace da gawayi da makamantansu take, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarta. Likita ya duba Inna ya ce yanar ido ta fara rufe mata ido ɗaya, ga tarin da ke taso mata duk hunturu. Hayaƙin da nake yabo a Abuja na minti kaɗan ne, ita shekaru ta yi a cikinsa. Amma nan ma akwai abin da ya kama ni. Tanderun yaron nan yana da bututu mai janye hayaƙi sama. Inna a kan duwatsu uku take suya, iska tana maido mata da shi fuska. Da idonta ne damuwata da gaske, da murhu mai bututu na gina mata, wanda ke cin itace kaɗan, da 'yar rumfa mai shan iska, da na kai ta asibitin ido tun da wuri. Duka wannan bai kai abin da na kashe a kan rumfar fiza ba. Tunanin bai zo mini ba, domin gyara sana'ar ba ya cikin abin da nake nema.

Itacen ma ba kamar da ba ne. Ƙiryar da Inna ke yabo tana ƙarewa, masu gawayi sun bi ta, ana loda buhuna a manyan motoci ana fita da su birane. Dazukan wajen Danko-Wasagu da Sakaba kuma, inda 'yan bindiga suka addabi mutane a 'yan shekarun nan, ba kowa ke iya shiga neman itace ba. Mai masa a yau tana sayen ƙullin itace da kuɗin da a da zai saya mata mudun shinkafa, a jiharmu da ake alfahari da noman shinkafa.

Na ce wa Inna ta koma tasha in tana so, zan gina mata duk abin da ake bukata. Ta ce a'a. Wata mata ce a wurin yanzu, mijinta ya rasu ita ma, kuma ba za ta tayar da ita ba. Masu sayenta sun saba da hannun wata, ƙafafunta kuma ba sa ɗaukar tsayuwar da suke ɗauka. Abin da na karya bai ɗinku duka ba, kuma ba zai ɗinku ba.

Abin da aka iya yi shi ne wannan. Maginin da ya gina tanderu ya gina murhu mai bututu a zauren gidanmu, aka ɗauko tandar daga bayan madafi. 'Yar ƙanwata ce ke suya da safe kafin ta tafi makaranta da kuma ranakun hutu, Inna ce ke haɗa ƙullu, ita ke riƙe kuɗi, ta kuma koma adashinta. An yi mata aikin idon, tana gani. Tanderun fiza wani saurayi maƙwabcinmu ne ke gasa gurasa a ciki da azumi, yana ba ta wani abu, don ita ke duba masa wuta. In na zo gida nakan zauna da littafi ina tambayarta ma'auni, ita kuma tana cewa babu ma'auni ɗaya: da hunturu a kwaɓa da wuri a ajiye robar kusa da murhu a lulluɓe, da bazara a jinkirta har dare ya yi nisa a rage yis, sabuwar shinkafa ba ta shan ruwa kamar tsohuwa. Ina rubutawa yadda ta faɗa.

Muhawarar da ta rage tsakaninmu ta gas ce. Ni ina so a gwada saboda ƙirjin yarinyar, kada ta gaji tarin kakarta. Inna ta ce tandar ƙasa ba ta jituwa da wutar gas, tsakiya ke ƙonewa ramukan gefe su ƙi nuna, kuma in tukunya ta ƙare ana tsakar suya wa zai tafi neman wata. Mun tsayar cewa bayan sallah zan kawo tandar ƙarfe da murhu mai faɗin baki a gwada na mako guda, a soya rabi a can rabi a nan, ita za ta ɗanɗana, kuma abin da ta ce shi za a yi.